Isuhu Sino Ya Je Sharewa, Ba Sata Ba

An kashe Isuhu.

Labarin ya same ni da safiyar nan ina tsaye a kicin, ruwan shayi bai ko tafasa ba. Da wayar ta yi ƙara na ɗauka shi ne, don lokacin kiransa ke nan. Ashe Alhaji Baba ne, mutumin Kumasi mai shagon aika kaya gida a Fordham Road, nan New York. Ya ce, "Malam Habu, ka ji labarin abokinka?" Na ce wane abokin, ni da abokai suka ƙare mini tun tuni. Ya ce, "Dogon nan ɗan Nijar, wanda kuke makarantar inji tare. An buge shi jiya da rana a Staten Island. Ya cika da asuba a asibiti."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban gama sauke numfashi ba sai ya sassauta murya, irin ta wanda ya zo da abin daɗi. "Cale, abokina, amma fa ana cewa bayan gidan mutane ya shiga. Wai bututun jan ƙarfe ya je yankewa."

Kofin da ke hannuna na maka wa bango. Fasassun suna can a ƙasa har yanzu, ban share ba.

Ina wannan rubutu ne a cikin feri, jirgin ruwan Staten Island, ina dawowa daga wurin da aka zubar da jininsa. Yatsuna sun ƙage don sanyi, in kun ga kuskuren rubutu ku yi haƙuri. A kan sauran abin da zan faɗa kuwa, ba na neman haƙurin kowa.

Ku da kuka wuni kuna tura saƙon muryar nan mai cewa sata ya je yi daga guruf zuwa guruf, "an ce", "wai", "Allah dai ya rufa asiri", ku tsaya ku karanta har ƙarshe. Gawar mutumin tana hannun hukuma, ko wanka ba a yi mata ba, kun riga kun rataya mata sunan ɓarawo. Wanda ya kashe shi ya fasa masa ƙeya da sanda, ku kuna ƙarasa shi da baki. A wurina duk ɗaya kuke. Bambancin kawai, shi yana hannun 'yan sanda, ku kuna sahun gaba a masallaci.

Ga wanda bai san shi ba, Isuhu mutumin Maraɗi ne. Yana zaune a Park Hill da matarsa Zuwaira da 'ya'yansu mata biyu. Ya daɗe yana tallar huluna da safar hannu a bakin titi, rana ta dake shi, sanyi ya dake shi, masu yanka tikitin tara su kore shi da tebur a ka. A ajin koyon aikin hit-fom muka haɗu, a nan Bronx, ƙarshen sanyin bara.

'Yan gida da ke karanta wannan, hit-fom na'urar ɗumama gida ce da ake ta sakawa yanzu a madadin tsohuwar boila mai shan mai. Aikin firiji take yi a juye. Firiji yana kwashe zafin cikinsa ya zubar waje, ita kuwa tana tsinto ɗan zafin da ya rage a iskar waje, ko ana tsananin sanyi, ta shigo da shi ɗaki. Rabinta na manne a bangon ɗaki, rabinta na tsaye a tsakar gida da fanka, bututun jan ƙarfe ya haɗa su. Wannan jan ƙarfen ne ɓarayi ke yankewa su sayar.

Rabin da ke waje Isuhu ya sa wa suna jaki. Ya ce, "Yana tsaye cikin sanyi yana aiki, masu gida na ciki suna barci, babu mai ce mishi sannu. In ba jaki ba, mi ne ne?"

Ni kuwa kun san ni, wasunku dai. Na koyar da fiziks a kwalejin horar da malamai a gida tun kafin a haifi rabin masu tura muryar nan. Digirina na biyu yana cikin akwati a ƙarƙashin gado, kyankyasai na karatu. Na zo ƙasar nan ina zaton za a tambaye ni me na sani. Abin da aka tambaye ni shi ne ko ina da lasin tuƙi. Tasi ta ci bayana, ta ci aurena, wani fasinja ya karya mini muƙamuƙi da gindin bindiga ya tafi abinsa. Da likita ya ce in bar zaman mota, sai na tsinci kaina a benci da furfurata, cikin yara sa'o'in 'yata.

Ranar farko na zauna can baya, ban gai da kowa ba. Malamarmu, wata baƙar Ba'amurkiya da ta tsufa a aikin, Madam muke ce mata, tana zana mana a allo abin da na koyar har na gaji. Na yi tsaki na ce a hankali, da Hausa, "Dubi inda duniya ta kawo ni."

Sai na ji an ce a gefena, "Ta kawo ka wuri mai ɗumi, tsoho. Matsa in zauna."

Shi ke nan. Ban gayyace shi ba, bai kuma nemi izini ba.

Lakwal ɗinsa, wato bokonsa, ba ta yi nisa ba, ita ma da Faransanci ya yi ta, Turancinsa kuwa na ciniki ne. Saboda haka in an tashi aji mukan shiga jirgin ƙasa tare, in mayar masa da darasin ranar cikin Hausa: me ya sa gas ke yin zafi in an matse shi, me ya sa yake yin sanyi in an sake shi. Yana saurare yana ɓare lemo. In ya gane sai ya buga cinyata ya ce, "Bon! Farfesa, ashe kanka bai ruɓe duka ba." Daga nan sunan Farfesa ya bi ni, har Madam ta ɗauka.

Ni na ba shi kai, shi ya ba ni hannu. Akwai wani aiki da ake yi, a buɗe bakin bututu daidai yadda zai zauna ba tare da gas ya tsiyaya ba. Hannuna na rawa, tsufa da tasi sun gama da shi. Wata rana na ɓata bututu na sake ɓatawa, yaran ajin suna dariya ƙasa-ƙasa, ɗayansu har yana kwaikwayon rawar hannuna. Babbar sufana na kan tebur. Na ɗaga ta, kuma Allah ya sani kan yaron nan na auna.

Isuhu ya riƙe wuyan hannuna. Ko juyowa bai yi ba, kamar mai karɓar aron abu.

Ya ce, "Ajiye, Farfesa. In ka jefa, ba Habu za su ce ba. 'Yan Afirka za su ce, har da ni, har da ɗiyana."

Ya zare sufanar, ya ɗora hannunsa a kan nawa, muka buɗe bakin bututun tare. Tun daga ranar, duk aikin da ke son hannu mai nutsuwa sai in gan shi tsaye kusa da ni, wai yana neman wani abu da ya ɓata.

Jakar kayan aikina shi ke hawa da ita matakalar tasha. Kullum da dabararsa: "Kawo in ji ko ta hi tawa nauyi." Bai taɓa gama aunawa ba sai mun kai sama.

Dambun Zuwaira a roba, rabi nasa rabi nawa. In na ce na ƙoshi ya ce, "Da mi? Da baƙin rai?"

Da boilar gininmu ta mutu a farkon sanyin nan, mai gidan ya daina ɗaukar waya, Isuhu ya taso tun daga Park Hill, bas, feri, jirgin ƙasa, rungume da hitar ɗakinsa a cikin bargo. Na ce ku fa? Ya ce, "Mu muna da yawa, muna ɗumama juna. Kai ko mage ta ƙi zama da kai."

Kuma kowace safiya sai ya kira. Gaisuwarsa ɗaya ce: "Farfesa, ka tashi ko a taho da likkafani?"

Wannan shi ne ɓarawon naku.

Yanzu ga abin da ya kai shi bayan gidan nan, tunda babu wanda ya tambaya a cikinku.

Mahaifin Isuhu magini ne, mai rufin soro. Isuhu ya sha ba ni labari: duk shekara, in aka yi ruwan farko mai ƙarfi, tsohon ba ya jira a aiko. Gari na wayewa zai ɗauki sandarsa ya bi gidajen da ya rufa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi sallama, ya shiga, ya duba ko soro ya yi yoyo, ya zare ciyawar da ta toshe indararo, ya sha ruwa, ya wuce na gaba. Ba aike, ba lada. Maginin da bai zagaya bayan ruwan farko ba, a garinsu ba a sake ba shi aiki, kuma ba a ba ɗansa mata da daɗin rai.

Isuhu ya ɗauko wannan ɗabi'a cak ya kawo New York. Ya ce, "Nan ba ruwan farko, sai sino na farko."

Kuma a aikinmu maganarsa na da tushe. In sino, wato dusar ƙanƙara, ya rufe jaki ba ya samun iska. Ruwan da yake zubarwa ya daskare a ƙarƙashinsa, ƙanƙara ta taru har ta kai fanka, gida ya yi sanyi. Madam ta koya mana a share masa kowane gefe, kuma kada a kusance shi da shebur na ƙarfe, don haƙarƙarinsa siriri ne, yana lanƙwashewa. Abu mai laushi ake sawa.

Amma ta koya mana wani abu kuma, ranar da Isuhu ya ba aji labarin mahaifinsa. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye alli ta zo gabansa ta tsaya. Ta ce kada ya kuskura ya taka filin gidan kowa a garin nan sai an buga waya an amsa, sai da rigar kamfani a jikinsa, sai da motar kamfani a ƙofa. Ta nuna fatar hannunta, ta nuna tasa, ta ce ta binne mutanen da suka manta da wannan.

A jirgi ya ce mini, "Madam tana da kirki, amma tsoro ya yi mata yawa. Aikin da na yi da hannuna, sai na nemi izini in gaishe shi?"

Da kaka aka tura mu koyon aiki a wani ƙaramin kamfani, mu biyu a mota ɗaya. Cikin gidajen da muka saka wa na'urar akwai na wata tsohuwa mai nauyin kunne, tana zaune ita kaɗai a kan tudun Tompkinsville. Ta yi ta ɗura mana shayi da biskit. Isuhu kuwa duk shigar da zai yi sai ya tuɓe takalmi a ƙofa, ogan ya yi faɗa har ya gaji. Jakin gidan nan an ɗora shi a kan ƙafa gajeriya, a lungun da iska ke tara sino. Isuhu ya faɗa wa oga. Oga ya ce abin da ke cikin mota ke nan, a ɗaura a tafi.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'a ne bayan an sauko. Muka shiga wurin 'yan Ghana a bayan Fordham Road muka ci shinkafa da wake. Talabijin ɗin shagon na ta sanar da sino mai yawa a ƙarshen mako. Jarrabawarmu ta ƙarshe saura mako guda, na fito da littafi ina yi masa tambayoyi, shi hankalinsa na kan talabijin.

Ya ce, "Jakin tsohuwa zai sha wuya."

Na ce, "Ba naka ba ne. Na kamfani ne. In ya mutu ta kira su."

"Tsohuwar da ba ta jin ƙararrawar ƙofarta, ita za ta ji jaki na kuka?"

Na ce masa, "Ɗan Maraɗi, ka saurare ni. Na riga ka zuwa ƙasar nan da nisa. Ba ta san alheri ba in bai zo da yunifom ba. Ka zauna gidanka."

Ya yi dariya, ya tura mini rabin lemonsa. "Kai dai Farfesa, da za a ba ka Aljanna sai ka ce a nuna maka takardar haya. Minti nawa ne? In share, in gaishe ta, in tahi."

A bakin tasha ya karɓi jakata ya auna nauyinta har ƙasa. Ya ce, "Litinin ka zo da kanka, ni in zo da hannuna."

Yau ce Litinin.

Na je Park Hill kafin azahar. Falon ya cika da mata, maza na tsaye a baranda har bakin lifta. Zuwaira ba ta kuka. Ta ce jiya da hantsi, da sino ya tsaya, ya ɗauki tsintsiyarta ta bayan ƙofa, irin tamu ta gida mai laushi, wadda ta saya a shagon 'yan Afirka. Ta ce masa, "Ka maido mini abata, ba ni da wata." Maganarsu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Ta ce a asibiti da ƙafarsa ta gane shi.

Babbar 'yarsa ta biyo ni baranda da waya a hannu. Hausa take ji, da Turanci take amsawa, kamar duk yaranmu na nan. An riga an tura mata muryar. Wata ƙawarta ce ta tura, ita ma daga wayar uwarta ta samu. Yarinyar ta dube ni ta ce, Kawu, da gaske ne?

Kafin in buɗe baki sai na ji wani a bayana, wani mai babbar riga da turare, yana ce wa na kusa da shi, "Ai rashi babu abin da ba ya sa mutum. An ce har da sukudireba a aljihunsa."

Na juya na shaƙe wuyan rigarsa na haɗa shi da ƙofar lifta. Kansa ya bugu, hularsa ta faɗi, leɓensa ya fashe. Na ce, "Mai gyara ne, ɗan banza! Me kake so a samu a aljihunsa, carbin uwarka?" Mutane suka ɓamɓare ni ana ta "Malam, gidan rasuwa ne, Malam, ka ji tsoron Allah." Yana karanta wannan, na sani. Ban ba ka haƙuri ba, kuma ba zan ba ka ba.

Na fita ban yi wa kowa sallama ba. Babbar sufanata na cikin aljihun kwat, tun daga gida na sako ta. Ba gyara na fito yi ba.

Na wuce Tompkinsville kai tsaye. A tsallaken gidan tsohuwar na tarar da wani dattijo yana kwashe sino a ƙofarsa. Shi ya ga farkon abin ta taga. Ya ce dogon mutumin ya tsaya a bakin get ya ɗaga murya ya faɗi wani abu da yarensu. Sallama ce, na gaya masa, ko da yake bai tambaya ba. Ya ce ya hau ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya jira, ya sake ƙwanƙwasawa, ba a buɗe ba. Sai ya bi ta gefen gida ya zagaya baya.

Maƙwabcin da ke jikin katangar an taɓa yanke masa bututun na'urar sanyaya ɗaki da bazara. Ya leƙo ya ga baƙin mutum da hular sanyi a tsugune gaban inji, ba riga mai suna, ba mota a ƙofa. Bai yi magana ba. Bai kira kowa ba. Ya ɗauko sandar wasan besbol ya tsallako.

Isuhu ya ba shi baya, fanka na ƙara a kunnensa.

Bugun farko a ƙeya. Ya faɗi ya ɗaga hannu, aka karya hannun. Aka bi haƙarƙari. Aka koma fuska. Dattijon ya ce daga tsallaken titi yana jin sautin, kamar ana fasa itace, kuma ya daɗe bai tsaya ba. Tsohuwar tana ciki cikin ɗumi, talabijin a ƙure, ba ta san ana yi ba sai da ta ga fitilar motar asibiti a labule.

Yanzu lauyan mutumin yana cewa ɓarawo ya kama. Ku kuma kuna taya shi aiki kyauta.

'Yan sanda sun riga sun cire igiyarsu. Na ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar da ƙarfin da ko kurma zai ji. Ta buɗe iya tsawon sarƙa. Ta gane ni. Ta ce 'yarta ta hana ta magana da kowa. Na ce ba magana na zo nema ba, tambaya ɗaya ce: gidan da ɗumi? Ta ce da ɗumi. Ta ce, "Shi ne mai tuɓe takalmi, ko?" Na ce shi ne. Na ce zan zagaya baya. Ta gyaɗa kai, ta tura ƙofar, amma ban ji ƙarar makulli ba.

Na zagaya da sufana a hannu. Niyyata in farfasa jakin nan har sai babu abin da za a gane, in tsallaka in bi tagogin maƙwabcin da gilashin motarsa, unguwar nan ta kwana tana jin abin da muka ji. Wallahi da wannan niyyar na taka filin.

Gaban injin duk an tattake, sawun takalman 'yan sanda da na masu ɗaukar mara lafiya. Sinon wurin ba fari ba ne. Har a jikin katanga akwai feshi, sama da tsayina a tsugune.

Na ɗaga sufanar. Sai idona ya faɗa lungun da ke tsakanin inji da bango, inda ƙafar kowa ba ta shiga ba.

A share yake tas. Kuma a kan ɗan sinon da ya rage a ƙasa ga zanen tsintsiya, layi-layi, a lanƙwashe, hannu ɗaya, yadda ake sharar tsakar gida da safe. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan zanen. Gefen hagu ma haka. Ƙarƙashin injin an fasa ƙanƙarar an janye ta gefe, ga ɗan tsagin sukudireba a jikinta. Tsintsiyar Zuwaira na can ƙarƙashin shingen fulawa inda ta faɗa, babu ɗan sandan da ya ga abin ɗauka a cikinta.

Gefe ɗaya ne ya rage, na dama. Nan sino ya taru har rabin injin. Nan ya nufa aka same shi.

Jakin na ta aiki da gefe ɗaya a toshe, fanka na nishi. Bututun na nan lafiya, ko ƙwarzane babu. Na san bakin bututun nan. Tare muka buɗe shi, hannunsa a kan nawa.

Na tsaya da ƙarfe a sama kamar mahaukaci. Babu wanda ya riƙe mini wuyan hannu yau. Amma na san abin da za a wayi gari ana faɗa in na sauke shi: ga shi nan, abokin satarsa ya dawo ya ƙarasa. Ba Habu za a ce ba. Isuhu za a ce, har da 'ya'yansa.

Na mayar da sufanar aljihu. Na fito da waya na ɗauki hoton lungun, da gefen hagu, da ƙanƙarar, da bututun, da tsintsiyar a inda take, ban taɓa ta ba. Na tura wa Madam. Ta kira ni nan take, muryar nan tata mai cika aji ta dishe. Ta ce kada in motsa tsintsiyar, yanzu za ta kira ɗan sandan da ke binciken, kuma da ƙafarta za ta je ta faɗi abin da ta koya mana da abin da ya gaya wa aji.

Sannan na durƙusa a gefen dama na kwashe sinon da hannuna, tunda ba ni da abu mai laushi sai su. Wani wurin fari, wani wurin ba fari ba. Na kwashe har ƙasa. Fankar ta saki, sautinta ya daidaita.

Da na miƙe na ga labule ya motsa.

Ba na jiran adalci daga garin nan, na daɗe da daina wannan wautar. Ko a ɗaure mutumin ko a sake shi, ban sani ba, kuma kada wani ya zo mini da wa'azin yafiya a makon nan, ba zan iya ba tukuna. An ce jibi rana za ta fito, zanen tsintsiyar zai narke ya bi kwata. Shi ya sa na sa hotunan a ƙasan wannan rubutu. Ku buɗe su ku ƙara girmansu.

Duk guruf ɗin da ka tura muryar nan, ka tura hoton nan. Duk wanda ka ce wa "wai", ka koma ka ce masa ƙarya ce, da bakinka. Alhaji Baba, da kai nake, kai ka fara kira na. Wanda bai yi haka ba kada ya zo ya tsaya kusa da ni a sahun jana'iza, don sufanar na nan a aljihuna, kuma mai riƙe mini hannu ya tafi.

'Yata, ke da kika tambaye ni a baranda, na san za ki sa waya ta juya miki wannan zuwa Turanci. Ga amsarki: ba gaskiya ba ne. Babanki ya je duba aikinsa ne bayan sinon farko, yadda kakanki yake yi bayan ruwan farko. Ya share gefe uku. Kawunki ya ƙarasa na huɗun.

Ya Allah, ga Isuhu nan ya zo maka da karyayyen hannu. Ka karɓe shi da rahamar da bai samu a bayan gidan nan ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa makwancinsa ya fi ɗakin tsohuwar nan daɗi. Ka haɗa shi da mahaifinsa a inda rufi ba ya yoyo. Ka ba Zuwaira da yaran nan ƙarfin da ni ba ni da shi. Ni kuma ka riƙe mini hannuna.

Wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi masa addu'a yanzu, kafin ya wuce zuwa rubutu na gaba. In za ka ambace shi a gaban Allah, ka ambace shi da sunansa na gaskiya: Isuhu mai gyara, ɗan magini.